'Yar Na'urar Sauraro ta MP3: Yadda Take Aiki da Abin Lura Kafin a Saya

Duk wanda ya san Birnin Kebbi a shekarar 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, zai iya tuna cewa kaset ne ke jan zarensa a wancan zamani. Mai son jin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata sai ya tanadi rikoda mai cin manyan batura, ya kuma ajiye biro kusa domin naɗe zaren kaset idan ya harɗe. A yau kuwa, tun daga unguwar Gesse har zuwa fadamun shinkafa da ke bin gaɓar Gulbin Rima zuwa Argungu, akan ga wata 'yar na'ura wadda ba ta kai tafin hannu ba, ko dai a aljihun ɗalibi, ko rataye a wuyan mai ban-ruwa, ko ajiye a gefen keken tela. Mutane kan ce mata MP3 kawai. Ba ta da zare, ba ta da faifai, babu abin da ke juyawa a cikinta, amma takan ɗauki abin da kwali guda na kaset ba zai ɗauka ba.

Arhar wannan na'ura ita ce ke sa a saye ta ba tare da dogon tunani ba. Daga nan kuma asara iri biyu kan biyo baya. Ta farko ta aljihu ce, kuma ana iya mayar da ita. Ta biyu ta kunne ce, wadda har yanzu ilimin likita bai gano hanyar mayar da ita ba. Mai son kauce wa duka biyun yana bukatar ya fara sanin abin da ke faruwa a cikin akwatin.

Daga Girgizar Iska zuwa Lambobi

Sauti ba wani abu ba ne illa girgizar iska. Idan makaɗi ya bugi fatar kalangu, fatar za ta yi ta kai da komowa, ta ture iskar da ke kusa da ita, iskar kuma ta isar da wannan motsi zuwa dodon kunne. Kunnen yaro mai lafiya yana iya jin girgiza daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato sakan guda. Mai ƙarancin girgiza ita ce murya mai kauri irin ta tambari, mai yawan girgiza kuwa ita ce siririya irin ta kukan gyare.

Kaset yana adana wannan girgiza ne ta hanyar maganaɗisun da ke jikin zarensa, shi ya sa duk lokacin da zaren ya goge ko ya miƙe, sai sautin ya lalace tare da shi. Hanyar dijital dabam take. Na'ura kan auna ƙarfin girgizar sau da yawa a jere, ta rubuta kowane awo da lamba. A faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, ana yin awon sau 44,100 a kowane sakan. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba: ƙa'idar lissafi ta nuna cewa dole yawan awon ya ninka girgiza mafi sauri da ake son kamawa, ninkin 20,000 kuwa 40,000 ne, aka ƙara ɗan rara a kai. Kowane awo yana cin ƙwayar bayani 16, wadda ake kira bit, kuma akwai hanyar kunnen dama da ta hagu. Ɗalibin da ya buga 44,100 sau 16 sau 2 zai sami bit 1,411,200 a sakan ɗaya, wato kimanin megabait 10 ke nan a kowane minti. Waƙar minti ashirin, irin tsawon da wasu waƙoƙin fada kan yi, za ta cinye megabait 200. Wannan kaya ya yi wa ƙaramar na'ura nauyi.

Abin da Ake Zubarwa

Masu bincike a Cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen na ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun shawo kan matsalar ne ta wajen nazarin kunnen ɗan Adam, ba ta wajen ƙera babban rumbu ba. Sun dogara da wani abu da kowa ya sani ko da bai shiga aji ba, wato babbar ƙara tana danne ƙarama. A ranar kamun kifi na Argungu, bikin da aka fara a 1934 wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, lokacin da dubban masunta suka ruga Matan Fada da homa da gora, ga kiɗa ga sowa, wanda ya yi wa na kusa da shi raɗa ya yi aikin banza. Raɗar ta fita, iska ta ɗauke ta, amma kunne bai karɓe ta ba. Haka kuma, na ɗan wani taƙaitaccen lokaci bayan bugun ganga mai ƙarfi, kunne ba ya kama siraran sautukan da suka biyo baya.

Tsarin MP3 yana bin waƙa gutsure-gutsure, yana ƙiyasta abin da kunne ba zai ji ba, ya rage masa lambobi ko ya zubar da shi ɗungum. An buga ƙa'idar tsarin a 1993, aka raɗa wa fayilolinsa sunan da aka san su da shi a 1995. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato bit 128,000 a sakan, minti ɗaya na waƙa yana cin kusan megabait ɗaya tak. An rage kaya wajen sau goma sha ɗaya, amma yawancin masu sauraro ba su jin bambanci. Abin lura shi ne, abin da aka zubar ya tafi ke nan. Idan aka sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse, kamar yadda kan faru ga waƙar da ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, sai a ji muryar mawaƙi tana fita kamar daga ƙarƙashin ruwa. A nan laifin na fayil ne, kuma ko an sayi na'ura mai tsada ba za ta gyara shi ba.

Na'urar aljihu ta farko mai karanta MP3 da ta shiga kasuwa ita ce MPMan, ta kamfanin Saehan na Koriya ta Kudu, a 1998. Mai megabait 32 daga cikinta ba ta wuce ɗaukar kimanin rabin awa ba. A 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod mai ɗaukar waƙa dubu, ya kuma daina ƙera shi a 2022 bayan wayar hannu ta gaje aikinsa. Amma ƙananan na'urori masu arha ba su ɓace ba, musamman a wuraren da kuɗin data da rashin tsayayyar wutar lantarki ke da tasiri.

A Gaban Mai Shago

Abu na farko da ke ruɗin mai saye shi ne lambar da aka rubuta a jikin katin memori. Lissafin da ya gabata ya isa ya kwantar masa da hankali. Kati mai gigabait 8 yana ɗaukar wajen minti 8,000, wato sama da awa 130, daidai da kusan kaset 90 masu minti casa'in-casa'in. Idan magana ce zalla, kamar darasi ko tilawa ko wa'azi, rabin wancan ma'auni ya wadatar, katin kuma zai ɗauki ninki biyu. Ɗalibin sakandare ba ya bukatar abin da ya fi haka. Hasali ma, katunan da suka haura gigabait 32 suna zuwa ne da wani tsarin jera fayiloli na dabam, wanda da yawa daga cikin ƙananan na'urori ba su iya karantawa.

Sannan ga jabu. Akwai katunan da aka sauya wa bayanin cikinsu, ta yadda za su gaya wa kwamfuta cewa suna da gigabait 32 alhali ainihin cikinsu bai kai kusa da haka ba. Irin wannan kati yakan yi aiki lafiya lau a kwanakin farko. Sai ya cika cikinsa na gaskiya, sa'annan a ga sunayen fayiloli suna nan amma sun ƙi buɗuwa. Gwajin ba shi da wuya: a cika katin taf da fayiloli, a cire shi, a mayar, a kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta tana iya amfani da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke yin wannan gwaji da kanta.

Abu na biyu shi ne batir, kuma a kwarin Rima ya fi girman kati muhimmanci. Ana rubuta ƙarfin batir da mAh. Yawancin ƙananan na'urori masu haɗe da rediyo suna amfani da batir shimfiɗaɗɗe samfurin BL-5C, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, mai ƙarfin kimanin 1,000. A ƙaddara na'ura tana jan 50 idan an sa mata 'yar wayar kunne, wadda ake kira iyafis: batirin zai kai awa 20. Idan kuwa lasifikarta aka buɗe har tana jan 250, awa 4 kawai zai yi. Na'urar da ake iya cire batirinta ta fi dacewa da mai zuwa gona ko ƙauye, domin zai iya riƙe na biyu, kuma ranar da batir ya mutu ba a jefar da na'urar gaba ɗaya. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, barin na'ura a rana ko a gaban mota yana tsufar da batir da wuri. Wanda ya kumbura a cire shi nan take, kada a huda shi, kada kuma a jefa shi wuta. A lokacin hunturu ƙura ce ke toshe ramin kati da na caji, 'yar jakar ƙyalle kuwa ta isa maganin wannan.

Sauran abin dubawa ƙanana ne, amma su ke raba na'urar da za a more da wadda za a jefa cikin akwati. Shin idan an kashe ta, tana ci gaba daga inda aka tsaya? Mai sauraron darasin minti arba'in ya san darajar wannan. Shin tana da ɗan allo mai nuna lambar fayil, tana kuma gane rukunin fayiloli? Maɓallanta ana iya lalubo su a duhu? Wasu na'urorin suna bin jerin yadda aka tura fayiloli ne, ba jerin sunayensu ba, don haka ya kyautu a gaya wa mai tura waƙoƙi ya tura su bi da bi. Fitilu masu walƙiya da ake ƙawata wasu da su ba abin da suke ƙarawa sai cin batir.

Amfaninta ga Makaranta

Fifikon wannan na'ura a kan wayar hannu shi ne abin da ba ta iya yi. Ba ta karɓar saƙo, ba ta shiga intanet, saboda haka ba ta janye hankalin mai bita. Malamin Turanci ko Larabci ko Faransanci yana iya naɗar furucin kalmomi, ɗalibai su yi ta maimaitawa a gida, kuma Faransanci ba baƙon harshe ba ne ga jihar da ta yi iyaka da Nijar da Binin. Ɗalibin da ke da matsalar gani yana iya samun littafi sukutum a kunnensa. Na'urar da ke da maɓallin naɗar murya kuwa tana ba ajin tarihi damar ɗaukar abin da dattawa ke riƙe da shi game da Kanta da birnin Surame, a haɗa da abin da aka gani a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, bayan an nemi izinin mai magana. Sai dai katin memori ba ma'adana ba ce ta har abada, domin cajin lantarkin da ke riƙe da bayanan yana tsiyaya a hankali da daɗewar ajiya, zafi kuma yana hanzarta hakan. Duk abin da ba za a sake samun irinsa ba, a ajiye shi wuri biyu. Ɗalibin makarantar kwana kuma ya fara sanin dokar makarantarsa kafin ya sa na'urar cikin kaya.

Kunne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani bututu murɗaɗɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000, waɗanda ke mayar da girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan ta daɗe kuma ta kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba su sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da matasa biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusa da 60. Ma'aunin hukumar ya ba babban mutum awa 40 a mako a kan desibel 80, yara kuwa an sa musu 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 95 kuwa awa ɗaya da kwata ne kacal a mako guda. Iyafis da aka ƙure wa murya yana iya wuce 100, inda rabon mako bai wuce minti 20 ba.

Dannewar sauti da aka yi bayani a baya ita ce ke jefa mutane cikin wannan tarko. Wanda ke zaune kusa da injin ban-ruwa, ko injin casar shinkafa, ko yake cikin motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, zai ji ƙarar waje ta danne waƙarsa, sai ya yi ta ƙara murya bai san ya wuce kima ba. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar muryar na'ura. Hanya mai sauƙi ita ce a daidaita murya a ɗaki mai shiru, a bar ta a nan ko da an fita waje. Idan mutumin da ke tsaye nisan tsawon hannu ya yi magana ba a ji shi ba, murya ta yi yawa. Mai tuƙa babur ko keke kada ya toshe kunnuwansa sam. Wanda kuwa ya cire iyafis ya ji kunnensa yana ƙugi ko ya yi ɗum, ya huta da sauraro, idan kuma abin ya kwana biyu bai lafa ba, ya je asibiti likita ya duba shi.