Ɓerayen Faris da Sarkin Ƙofar Ƙarfe

A Cibiyar Cochin da ke birnin Faris, wata masaniya mai suna Sophie Vaulont tana kiwon wasu ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gado guda ɗaya tun kafin haihuwa. Sunan ƙwayar USF2. Abin da ke gabanta shi ne sukari, tana son gane yadda hanta ke amsawa idan ya shigo jiki. Ba ruwanta da jini, ba ruwanta da sinadarin ƙarfe. Sai ga shi da ɓerayen suka manyanta aka buɗe cikinsu, aka tarar ƙarfe ya danƙare a hanta da kuma gaɓar da ke samar da insulin. Abincin da sauran ɓeraye ke ci shi suke ci, ba wanda ya ƙara musu komai. Abin da ya fi ɗaure kai, saifarsu, wadda ita ce ta saba riƙe ƙarfe, ba ta tara ba.

Vaulont da wani matashin mai bincike, Gaël Nicolas, suka jera hantar marasa lafiyan da ta masu lafiya, suna neman ƙwayar gadon da ke aiki a nan ba ta aiki a can. Suka sami guda da ta yi shiru ɗif. Da suka duba mazauninta, ashe gab take da USF2, jiki da jiki. Wajen cire wadda suke so, sun kashe maƙwabciyarta ba su sani ba. Wani ɗakin bincike a Amurka ya cire USF2 ta wata hanya dabam, nasa ɓerayen kuwa ƙarfensu lafiya lau, wannan ya tabbatar da cewa maƙwabciyar ce mai laifi. Mutanen Faris sun fitar da sakamakonsu na farko a 2001.

Maƙwabciyar nan ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. A Los Anjelis, ɗakin binciken Tomas Ganz ya riga ya tace wani ɗan ƙaramin sinadari daga fitsarin mutane, wanda hanta ke yi, suka sa masa suna hefsidin. Su abin da suke nema shi ne makaman da jiki ke kashe ƙwayoyin cuta da su, a wannan aji suka ajiye shi. Wasu masana a Hanoba ta Jamus sun same shi a jini a 2000, su ma haka suka ɗauke shi. A garin Rennes na Faransa ne kawai aka lura cewa idan aka ɗura wa ɓera ƙarfe, hantarsa na ƙara yin sinadarin. Rukuni huɗu, kowa ya kama gefe guda, ba wanda ya fita neman abin da suka taru suka gano.

A 2002 mutanen Faris suka juya gwajin. Suka samar da ɓerayen da hantarsu ke zubo hefsidin fiye da kima. Aka haife su fari fat, babu jini, yawancinsu suka mutu cikin 'yan sa'o'i. Babu hefsidin, ƙarfe ya yi ambaliya. Ya yi yawa, ƙarfe ya ƙafe. A 2004 Elizabeta Nemeth da abokan aikinta suka nuna yadda abin ke faruwa. Ƙarfe na da mafita guda tak daga cikin ƙwayoyin hanji da na ma'ajiya zuwa jini, ana kiranta ferofotin. Hefsidin shi ne sarkin ƙofar nan: ya hau, a rufe, ya sauka, a buɗe.

Dalilin da ya sa ƙofar ke da wannan daraja shi ne jikin ɗan Adam ba shi da hanyar fitar da ƙarfe da gangan. Baligin namiji na ɗauke da giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Abin da ke fita a rana miligiram 1 zuwa 2 ne, shi hanji ke mayarwa daga abinci. Ɓargo kuwa yana bukatar miligiram 20 zuwa 25 kullum don ƙera sabon jini, kusan dukkansa daga tsofaffin ƙwayoyin da aka rushe yake dawowa. Lissafi ne mai tsauri, ƙaramin giɓi ya isa ya karkatar da shi.

To ina testosteron, sinadarin mazantaka, ya shigo labarin? Ta hanya biyu, kuma ta farkon ta fi ban tausayi. A 2003 masu bincike a Italiya suka sami iyalai biyu, ɗaya a Italiya ɗaya a Girka, da ƙwayar gadon hefsidin ɗinsu ta lalace. Cutar da suke ɗauke da ita tana tara wa mutum ƙarfe tun yana matashi, ya taɓa zuciya, ya kuma taɓa 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai bai wa maraina umarnin aiki. Saurayi sai ya wayi gari da kasala, sha'awa ta mutu, testosteron ya faɗi ƙasa. Wato yawan ƙarfe da kansa na iya zama sanadin ƙarancin testosteron, kuma alamarsa ta farko gajiya ce, irin gajiyar da mai ƙarancin ƙarfe ke kuka da ita. Wanda ya ji kasala ya nufi kemis ya sayi maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba, yana iya zuba wa kansa abin da ke cinye shi.

Hanya ta biyu tsohuwar tambaya ce. Likitoci sun daɗe da sanin jinin maza ya fi na mata kauri, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarancin jini a himogulobin 13 ga namiji, 12 ga mace. A 1959 Nasrollah Shahidi da Louis Diamond a Boston sun ba yaran da ɓargonsu ya daina aiki testosteron, wasunsu suka farfaɗo. Masu ciwon ƙoda ma da irin waɗannan allurai aka riƙa ɗaga musu jini kafin maganin EPO ya fito a 1989. An san yana aiki. Bayanin da aka riƙe shi ne yana tsokanar ƙoda ta ƙara fitar da EPO, mai zaburar da ɓargo. Amma ɓargo ba ya ƙera jini da umarni kawai, sai da kayan aiki, kuma ba a san daga ina ƙarin ƙarfen ke fitowa ba.

A 2010 Eric Bachman, a rukunin Shalender Bhasin na Boston, ya koma kan jinin da aka adana na wasu maza, matasa da dattawa, da aka yi wa allurar testosteron mako-mako har makonni 20. Ya auna hefsidin. A manyan allurai ya faɗi da fiye da rabi, kuma faɗuwar ta fi tsanani a dattawa, waɗanda su ne jininsu ya fi yin kauri. Ya sake dubawa a jinin wani gwaji da aka yi wa maza 209 'yan shekara 65 zuwa sama masu wahalar tafiya, gwajin da aka tsayar a ƙarshen 2009 saboda mutum 23 cikin masu shafa man testosteron sun sami matsalar zuciya da jijiyoyin jini, a cikin masu shafa man da babu magani kuwa mutum 5. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna abu uku na tafiya tare a watannin farko: EPO ya hau, hefsidin ya sauka, feritin ma ya sauka. Feritin shi ne ma'aunin ƙarfen da ke ajiye. Testosteron na buɗe ƙofa, ɓargo na kwashe ajiya yana zuba ta cikin jini.

Wannan na iya zama alheri. A babban gwajin da aka yi a cibiyoyi 12 na Amurka da dattawa 788, akwai 62 masu ƙarancin jinin da aka rasa dalilinsa. Bayan shekara guda, kashi 54 cikin 100 na masu shafa testosteron jininsu ya ƙaru da maki guda ko fiye, masu shafa man da babu magani a ciki kuwa kashi 15. An buga wannan a 2017. Da aka sake bin jinin mutanen daga baya, sai aka ga waɗanda tun farko ƙarfensu ya yi ƙasa ba su amfana kamar sauran ba. Buɗe ƙofa ba ya haifar da abin da babu.

A nan ne mutumin da ya fara maganin testosteron ke rikicewa, kuma a ganina a nan ne ake yawan yi masa rashin adalci. Bayan wata uku ko shida ya karɓi takardar gwaji, ya ga abu biyu da kamar suna ƙaryata juna: jini ya yi kauri, feritin ya yi ƙasa. Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Homon ta Amurka ta 2018 ta ce idan kason jajayen ƙwayoyi a jini ya wuce kashi 54 cikin 100 a dakatar da maganin har ya sauko, a binciki ko mutum na fama da ƙarancin iska, misali ɗaukewar numfashi a cikin barci, sannan a dawo da shi da ƙaramin awo. Amma abin da ya fi sauƙi a baki shi ne, “Je ka ba da jini.” Ba da jini sadaka ce mai girma, ba ni da ja. Sai dai kowace leda na tafiya da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250. Wani bincike na Amurka a 2015 ya bi masu ba da jini ya ga kashi biyu cikin uku na waɗanda ba su sha ƙarfe ba, ajiyarsu ba ta dawo ba ko bayan makonni 24. Wani kuma a Kanada a 2017 ya ga masu testosteron da ke komawa ba da jini a kai a kai, da yawansu jinin bai daina kauri ba. Mutum na zubar da ajiya, allurar na ci gaba da tura ɓargo. Ƙarshenta gajiyar da ta kai shi asibiti ta dawo, ga haki, ga ƙafafu da ba sa natsuwa da dare, shi kuma ya ɗauka awon maganin ne ya yi kaɗan, ya nemi a ƙara.

Gyaran ya fi kusa da maganin kansa. Allurar da ake yi da yawa a tsakanin dogon lokaci ita ta fi sa jini kauri, domin tana cilla sinadarin sama ƙwarai a kwanakin farko. Rage awo, ko raba shi, ko komawa man shafawa, duk hanyoyi ne da likita ke da su. Taba sigari ma na ƙara kaurin. Kuma kafin a kai nan, ya kamata a ce an tabbatar da ƙarancin testosteron da gwajin safe sau biyu, an auna jini da feritin tun kafin allurar farko, an kuma faɗa wa mutum ƙarara cewa maganin na rage maniyyi, domin mai neman haihuwa ba wannan ce hanyarsa ba.

Idan ƙarfen ya tabbata ya yi ƙasa, hefsidin na da abin faɗa game da yadda za a sha shi. An daɗe ana rubuta ƙwaya sau biyu ko uku a rana. A 2015 masu bincike a Zurik suka nuna cewa ƙwaya mai miligiram 60 ko fiye na ɗaga hefsidin har kusan kwana guda, wato ta safe na rufe wa ta yamma ƙofa. A 2017 suka gwada sha rana ɗaya a tsallake ɗaya, jiki ya tsotsi kason da ya fi na shan kullum yawa daga kowace ƙwaya. A mata aka yi gwaje-gwajen nan, amma likitoci da yawa sun karkata ga sau ɗaya a rana ko tsallaken kwana, musamman ga wanda maganin ke murɗa wa ciki. Shayi ma na da hannu. Tun 1975 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa yana hana hanji tsotsar ƙarfe sosai, don haka mai shan sa a ba shi tazarar sa'a ɗaya ko biyu tsakaninsa da ƙwayar. Mai testosteron da ke shan ƙarfe yana bai wa ɓargon da aka riga aka zaburar kayan aiki ne, saboda haka dole a riƙa sa ido kan kaurin jinin a lokaci guda. A kuma tuna cewa zazzaɓi ko kumburi na ɗaga feritin, har ya ɓoye ƙarancin da ke akwai.

Saura tambayar da ba a so a tsallake, ko da komai na sama ya daidaita. Namiji ba ya haila, ba ya ɗaukar ciki. Idan ƙarfensa ya ƙare tun kafin ya taɓa testosteron, ko ya ƙare har jinin ya ragu alhali bai ba da jini ba, to wani wuri yake zuba, ko hanji ne ba ya tsotsa. Gyambon ciki na yin haka, magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da ake sha ba lissafi na yin haka, tsutsar ciki da tsargiya na yin haka a inda suke, basir mai jini ma haka. Ciwon dajin hanji shi ma sau da yawa da wannan alamar kaɗai yake fara sallama, ba zafi, ba jinin da ido ke gani. Shi ya sa ƙa'idar likitocin ciki ta Birtaniya ta ce duk namijin da aka samu da ƙarancin jini na rashin ƙarfe a leƙa cikinsa da na'ura ta sama da ta ƙasa. Haɗarin testosteron a nan shi ne yana iya ɗaga himogulobin ya koma daidai a takarda, likita da majiyyaci su saki jiki, alhali zubar ba ta tsaya ba. Don haka a nemi inda jinin ke tafiya tukuna, a cike ajiyar, a sake gwaji a wata na uku zuwa na shida da fara maganin, sannan a cikar shekara.