Sahara ta taɓa zama teku, shaidar tana jikin dutse

Idan aka ce maka ƙanƙara ta taɓa lulluɓe Sahara, za ka ce ai zuƙi-ta-mallen Facebook ce. To, gaskiya ne. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe yankin, har da Djado a arewacin Nijar. Da ta narke, teku ya hauro ya shanye wurin.

Yaya aka yi aka sani? Sawu ne ya tona asirin. Ƙananan halittun ruwa sun yi rarrafe a cikin laka, lakar ta daskare ta koma dutse. Akwai irin wannan sawun a duwatsun Akakus na Libiya, masana suna kiransa Cruziana, kuma galibi a gindin teku marar zurfi ake yin sa. Ruwa kan ɗauko ƙashi daga nesa, amma sawu yana nan inda aka taka shi.

Kada ka wahalar da kanka da nema a Kudenda, dutsen ƙarƙashin Kaduna ba ya riƙe sawu. Darasin dai ya shafe ka: yau ma ƙanƙarar duniya tana narkewa, teku yana hawa, ga Legas a bakinsa.