Zogale a Kwanon Yaran Abuja

Ma'aikacin da ya tashi daga Sakatariyar Tarayya da yamma, ya faɗa cunkoson hanyar Nyanya zuwa Mararaba, da wuya ya isa gida kafin magariba. A irin wannan gajiya taliyar Indomie ce ke raba gardama, kuma yaron da ya saba da ita yakan tsince ko ɗan ganyen da ya gani a miya.

A shawarwarin da ta fitar a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 5 yana buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum, mai shekara 6 zuwa 9 kuwa giram 350.

Cika wannan ba sai da kayan manyan kantuna ba. Akwai kwaɗon zogale, akwai miyar taushe mai kabewa da alayyafo, kuma duk kayan haɗinsu suna Kasuwar Wuse. Ƙuli-ƙulin kwaɗo ne ke danne ɗacin da yaro ke gudu.

Tsawa ba ta sa yaro son ganye. A riƙa zuba masa kaɗan, yau da gobe, yana ganin iyayensa suna ci. Zogalen kuwa a dafa shi ranar Asabar a ajiye a firji, in wuta ta yarda.