Kifin Nguru da Gashuwa: ruwan ne ya daina tafiya

A kogunan duwatsu na Turai akwai masu kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake kira tirawut, ba tare da tana ko gari a ƙugiya ba. Ɗan ƙarfe ne mai siffar cokali suke jefawa inda ruwa ke gudu, igiyar ruwa ta riƙa juya shi yana walƙiya, kifin ya ɗauka ƙaramin kifi ne ya jikkata, ya kai masa cafka. Dabarar ba ta ci sai ƙarfen yana motsi, kuma kifin kansa ba ya zama sai a ruwa mai sanyi da wadatar iska. Tirawut ba zai rayu a zafin Yobe ba, amma tsage da giwan ruwa su ma mafarauta ne masu son ruwa mai iska. Duk mai neman dalilin raguwar kifi tsakanin Nguru da Gashuwa, ya fara duba tafiyar ruwa kafin ya duba komar masunci.

Can da, kogin Haɗeja da na Jama'are kan cika da damina su malale cikin fadamu. Kifi ya bi sabon ruwa ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a ɓoye. Da kaka ruwa ya janye, kifi ya koma kwarin kogi da tafkuna, ƙasa ta bushe ta tsattsage, sai gaiwa da ke binne a laka tana jiran wata shekara. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, sai wannan tsari ya birkice. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani don noma kuwa ya hana wasu wurare bushewa. Abin da ciyawar kachalla ke so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe tsofaffin hanyoyi irin su Burum Gana, ruwan Haɗeja ya karkata ta mashigin Marma ya taru a tafkin Nguru, Gashuwa kuma ta koma dogaro da Jama'are. Wuri ɗaya ruwa ya kwanta, ɗaya ya yi ƙaranci. A ƙarƙashin kachalla ruɓaɓɓen ganye na cinye iskar ruwa, kwalekwale ba ya ratsawa, komar birgi ba ta buɗewa. Tarwaɗa da gaiwa, masu iya shaƙar iska daga sama, su ne ke jurewa.

Za a ce ai masunta ne suka yi yawa, ga kalli mai ƙananan idanu, ga dumba da ake jera gura a tare mashigi kaf. Gaskiya ne, kuma wanda ya tare hanyar kifi mai ƙwai ya ci amanar na ƙasa da shi. Sai dai kifin fadama mai saurin hayayyafa ne, shekarar da ambaliya ta yi faɗi yakan farfaɗo ko da an matsa masa. Idan babu inda zai yi ƙwai, ko sarkin ruwa ya hana masunta kamu shekara guda, ribar kaɗan ce. Ƙaramin ido ma sau da yawa alamar ƙarancin babban kifi ne, ba mafarinsa ba. Wasu kuma za su ce fari ne. Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, amma fari ba ya haifar da kachalla, ruwan da ya ƙi bushewa ne ke haifar da ita.

Hujja mafi nauyi ta masu kare madatsun ita ce ta Kano, mai shan ruwan Tiga tana noman shinkafa da tumatir a Kadawa da shi. Ba wanda ya ce a rushe madatsa. Amma binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da noman fadama da itacen girki, ruwan da aka bari ya malala ya fi wanda aka tura manyan gonakin ban-ruwa amfani. Abin nema shi ne hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa da yawa cikin damina, ta taƙaita da rani, a kuma ci gaba da yashe hanyoyin da suka toshe. Tafkin Nguru da mashigin Marma suna cikin jerin dausayin duniya na Ramsar tun 2000, ga kuma barazanar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar ginawa a kan Jama'are, kogin da ya rage wa Gashuwa.