Kafin a shimfiɗa kafet mai yanka-yanka, a duba daɓe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gidaje da dama a unguwar GRA suka koma ofisoshi da masaukan baƙi, sababbin benaye kuma suka yi ta tashi, wasu har da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A irin waɗannan wurare ake yawan ganin kafet ɗin nan mai yanka-yanka kamar tayil. Kowane yanki santimita 50 ne tsawo da faɗi, wato huɗu ke rufe murabba'in mita ɗaya. Kamfanin Heuga na ƙasar Holan ne ya fito da shi a shekarun 1950. Amfaninsa a fili yake: idan miya ta zube ko garwashin turaren wuta ya faɗa, yanki ɗaya za a ɗaga a sauya.

Sai dai mai gida yakan ɓata mako yana zaɓen launi, bai taɓa durƙusawa ya shafa daɓen da za a shimfiɗa a kai ba. Siminti yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi sannu a hankali. Kwana 28 da magina ke ambata na ƙarfin kankare ne, bushewarsa kuwa takan ɗauki watanni. Ko simintin Ashaka ne, ko na wani kamfani, duk ɗaya ne. Idan kuma ba a shimfiɗa leda a ƙasa kafin a zuba kankaren ba, danshin ƙasa zai yi ta hawowa muddin ginin na tsaye. Bayan kafet ɗin roba ne ko kwalta, ba ya barin tururi ya wuce. Danshi ya taru a ƙarƙashi, gam ya narke, gefuna su ɗaɗɗago, ɗaki ya ɗauki warin fumfuna da turare ba ya korewa.

Gwajin ba shi da tsada. A yanko leda mai kauri, kamar rabin mita kowane gefe, a manna ta a daɓe da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana guda cur. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, daɓen bai shirya ba. A nan yanayin Gombe ke yaudarar mutane. A watan Janairu, lokacin da hunturu ke tsattsage leɓe, kusan kowane daɓe zai ci wannan gwaji. A ganina sakamakon watan Agusta ne abin dogaro, musamman a ɗakin da ƙasa ta kewaye bangonsa, ko gidan da ke gangare inda ruwan sama ke kwararowa. Farin gari mai kama da kanwa a gindin bango shi ma shaida ne. Wanda ya ga haka ya fara gyara magudana, ya shafe daɓen da maganin tare danshi, ko ya haƙura ya sa tayil.

In daɓe ya bushe, sauran aikin mai sauƙi ne. A cike tsaga da ramuka, a kankare tudu, a share ƙura tas, don gam ba ya kama ƙura. A buɗe kwalayen kafet ɗin a bar su su kwana a ɗakin. Sannan a ja layi biyu da alli su gitta a tsakiyar ɗaki, daga nan ake farawa, saboda da wuya a sami bango miƙaƙƙe sak. A bayan kowane yanki akwai kibiya. Ko dai duk su fuskanci gefe ɗaya, ko a riƙa juya su bi da bi, amma kada a yi ta-ci-barkatai. Gam kuwa a nemi irin wanda ke riƙewa ba tare da ya daskare ba. Masu aiki da yawa sun fi son gam mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, shi kuwa ranar da aka zo ɗaga yanki ɗaya sai yankin ya yage.

A sayi ƙari kamar kashi 10 cikin 100, daga kaya ɗaya, a adana a wuri busasshe. Bayan shekara biyu da wuya a sake samun launin nan a kasuwa.