Gidan kula da tsofaffi a Maraɗi: Akwai buƙata, amma wa zai yarda a ce ya kai mahaifiyarsa?

Duk ƙarshen wata kuɗi na shigowa Maraɗi daga Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya da Saudiyya, wasu ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, wasu ta hannun 'yan kasuwa. Wani kaso na kuɗin na tsoho ne ko tsohuwa da aka bari a gida. Yana sayen buhun hatsi da maganin hawan jini, amma ba ya tashi da ƙarfe biyun dare ya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Wannan aikin yakan faɗa kan matar ɗa, ko ɗiyar da aurenta ya mutu, ko jikanyar da aka cire daga lakwal.

Daga nan ne tunanin buɗe ƙaramin gidan kula da tsofaffi ke samo asali, musamman ga 'yan ci-rani da suka ga irinsa a Turai ko Amurka, wasu ma a ciki suke aikin ƙwadago. Sai dai abin da ya tsaya da ƙafarsa a Faransa ba lalle ba ne ya tsaya a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo.

Alƙaluma kaɗai ba sa ƙarfafa gwiwa. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan yara a duniya, kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, kuma waɗanda suka haura 60 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a birnin Maraɗi. Binciken lafiya na shekarar ya nuna matan jihar na cikin waɗanda suka fi haihuwa a ƙasar, sama da 'ya'ya takwas ga mace guda. Wato bisa takarda, ba tsohon da zai rasa mai ɗauke masa buta. A zahiri kuwa, 'ya'yan sun watsu neman abinci, gidan gandu ya rabe, kuma ciwon suga da hawan jini da shanyewar jiki na kwantar da mutane shekara da shekaru.

Kunya ce katanga ta farko

A Maraɗi da Tsibirin Gobir, inda masarautu biyu masu tsohon tarihi suke, kuma kowa ya san asalin kowa, a ce wane ya kai uwarsa gidan haya ana ba ta abinci, magana ce da za ta bi shi har wurin neman auren 'ya'yansa. Addini ma ya ɗora wa ɗa kula da iyaye idan tsufa ya riske su a wurinsa. Kalmar da Bahaushe ya sani ita ce gidan gajiyayyu, kamar wanda gwamnatin Kano ke da shi a Shahuci, kuma a kunnen jama'a wuri ne na wanda ba shi da kowa. Mai kuɗin biya ba zai so a haɗa mahaifinsa da wannan suna ba. Wanda ba shi da kowa kuma ba shi da mai biya masa.

Amma akwai wurin da mutanen jihar suka daɗe da yarda su bar nasu ya kwana, ya yi makonni, har watanni. A Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, kan hanyar Ɗan Isa, ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa asibitin kutare tun shekarun 1950. A 2012 aka buɗe cibiyar yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a harabar, tare da masaukin da suke zama kafin aiki da bayansa. Ba wanda ke cewa an jefar da su. Dalilin a fili yake: akwai ciwo mai suna, akwai ma'aikatan lafiya, akwai kuma ranar komawa gida.

Danja ba kasuwanci ba ce, da tallafi take tafiya. Duk da haka darasin ya shafi ɗan kasuwa. Abin da ya fi kama da mai yiwuwa a Maraɗi shi ne gidan jinya na ɗan lokaci: wanda aka sallama daga babban asibitin jiha bayan shanyewar jiki ko karaya ko yanke ƙafa saboda suga, ya zauna mako huɗu ko shida ana yi masa gashi da motsa gaɓoɓi, ana koya wa danginsa yadda za su ci gaba. Ga kuma mutanen ƙauye daga Dakoro ko Mayahi da likita ya ce su riƙa dawowa wankin ciwo, alhali ba su da masauki a birni. Wuni kawai ma hanya ce, a kawo tsoho da safe a ɗauke shi bayan la'asar.

Lissafin gado takwas

Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jaka 42, daga jaka 30 da 'yan kai. A ɗauki gida mai gado takwas. Dole a raba ɓangaren maza da na mata, domin tsohuwa ba za ta yarda namiji ya yi mata wanka ba, tsoho ma haka. Kula dare da rana na nufin aƙalla masu jinya shida suna karɓa-karɓa. A ƙara mai girki da mai wanki da mai gadi, sun zama tara. A kan mafi ƙarancin albashi, jaka 378 ke nan a wata, sama da jaka 47 a kan kowane gado, kuma idan duk gadajen a cike suke. Ba a sa ma'aikacin jinya mai takardar shaida ba, wanda ba zai karɓi wannan albashi ba. Ba a sa kason da ake zuba wa ma'aikata a asusun CNSS ba, balle haya da abinci da ƙunzugun manya da ake saye kullum.

Su wa ke iya biya? Tsofaffin ma'aikatan gwamnati masu fansho, iyalan manyan 'yan kasuwa, sai 'yan ci-rani. Manomi da mai talla da ɗan kabu-kabu ba su da fansho. Ragin rabin kuɗin magani a asibitocin gwamnati da hukumomi suka fara a watan Satumban 2024 bai shafi gida mai zaman kansa ba.

Wuta ma ba ƙaramin abu ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma tsoho mai ciwon zuciya ba ya jure abin da saurayi ke jurewa. Mazauna birnin ba su manta yadda aka yi ba a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Gidan da ba shi da sola da batir da firjin ajiye allurar suga, bai shirya karɓar kowa ba. Haya ta fi sauƙi a Tsibiri ko Jiratawa, ga kuma zogale da kayan lambu daga fadamar Jiratawa a kusa, amma kowane kilomita da aka ƙara nesa da asibiti sai an biya shi ranar da wani ya faɗi cikin dare.

Rajistar kamfani da lambar haraji ana samun su ta ofishin kafa kamfanoni na majalisar 'yan kasuwa. Da zarar gida ya fara allura ko wankin ciwo kuwa, ya shiga sahun wuraren kiwon lafiya masu zaman kansu, sai da izinin ma'aikatar lafiya.

Abin da ya fi takardun hukuma wuya shi ne yarjejeniya da dangi. Mai gigin tsufa na iya cewa an sace masa kuɗi, ko ya buɗe ƙofa ya kama hanyar tsohon gidansa. Wanda ke kwance, idan ba a juya shi duk bayan awa biyu ba, gyambo zai fito masa a baya, kuma hoto guda a WhatsApp ya isa ya rufe gidan. Ɗan da ke Abijan shi ke biya, amma ƙanen tsohon da ke Tsibiri shi ke da ta cewa, kuma wataƙila tun farko bai yarda da kawo shi ba. Shi kansa tsohon, an tambaye shi? Dole a rubuta wanda za a kira idan jiki ya rikice, da wanda ke da izinin cewa a tafi asibiti, da wanda zai zo ya ɗauki gawa, tunda a nan idan an rasu da asuba, kafin azahar an kai mutum makwancinsa.