Ɗinkin Yaye

Telan kirki ba ya yaye yaro don kawai ya iya taka keke. Yaro zai daɗe yana kalmasa da saka maɓalli da guga, har ranar da maigida zai miƙa masa shaddar wani ya ce, "Auna shi da kanka, ka yanka, ka ɗinka." Mai kayan kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ga tumbi, kuma yana son aljihu mai zurfi domin a kasuwar shanu ta Mubi yake wuni da kuɗi a jikinsa. Duk wannan sai yaron ya gano da idonsa. In almakashi ya kauce, shadda ta tafi, kuma mai ita zai dawo.

Irin wannan ɗinkin ake ɗora wa masu neman digirin dakta a Amurka a fannin mayar da majinyaci kan hidimar kansa da sana'arsa. Mai gashin ƙashi yana fama gaɓa ta motsa. Shi kuwa mai wannan fannin, damuwarsa abin da mutum zai yi da gaɓar: wanka, cin abinci, sa riga, komawa shago. Bisa ƙa'idar da hukumar tantance karatun ta fitar a 2018, bayan ɗalibi ya yi makonni 24 yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru, sai ya ƙara makonni 14, wato awa 560 a wancan lokacin, kan aiki guda da ya tsara bayan ya binciki bukatar mutanen wurin. Yana da mai sa masa ido, kuma dole ya fito ya bayyana abin da aikin ya haifar.

A Nijeriya ana koyar da fannin a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da makarantar tarayya ta Oshodi a Legas, kuma masu yinsa kaɗan ne ƙwarai, balle a arewa maso gabas.

Amma bukata kam tana nan jibge. Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014. Bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba ranar 21 ga Nuwamban 2017, wasu biyu suka sake tashi ranar 1 ga Mayun 2018. An ƙirga waɗanda suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Waɗanda suka rayu da guntun hannu ko ƙafa suna cikin gidaje, tare da masu shan inna da dattawan da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki.

Ɗauki dattijon da damansa ya mutu. Asibiti ta sallame shi, an ce ya samu sauƙi. Ga buta a gabansa, amma hannun da zai zuba ruwa shi ne kuma zai yi wanki. Mazagin wandonsa ba ya ɗauruwa da hannu ɗaya. Masai na tsuguno ne. Kunyar cin tuwo da hagu ta sa ya daina fita cin abinci a zaure, kuma wannan ya fi ciwon cin ransa. Maganin abubuwan nan ba tsada gare shi ba: bokiti mai famfo a kan dakali, roba a madadin mazagi, kujera mai rami da kafinta zai haɗa, cokali mai kaurin mariƙi. Sai dai kowanne sai an auna shi a jikin mutumin da cikin gidansa, an gwada, an gyara, an sake gwadawa.

Mubi na da Jami'ar Jihar Adamawa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da kwalejin fasahar kiwon lafiya, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu. Ba sai mun jira digirin dakta ba. Ina roƙon malamai su tura ɗalibin lafiya da na injiniya gida ɗaya, su yi watanni uku kan matsalar mutum ɗaya. Ranar kare kundi a tambaye su ko dattijon nan yana alwala da kansa yanzu. Su kuma bar wa masu jinyarsa bayani da Hausa da Fulatanci, su nuna wa kafintan unguwa da mai walda yadda aka haɗa kayan, domin gida na gaba ya samu a kusa.